Ranar da Na Ce Zabuwa Ba Ta da Lafiya

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mun ci. Kwamitin makaranta ya bar mana darasin rawa, ba za a mayar da lokacinmu na Laraba ƙarin lissafi ba. Shugaban makaranta da kansa ya tako har zauren motsa jiki ya gaya mini, yana ta washe baki kamar shi ya yi rawar. Ya ce, "Malama, jiya kin fitar da mu kunya." Na ce yara ne suka fitar da mu. Wata uku ke nan ana ja mini rai da maganar nan, wai tsalle-tsalle ba karatu ba ne, wai iyaye ba don 'ya'yansu su karkaɗa kafaɗa suke kawo su ba. To jiya 'yan kwamitin da iyaye sun zauna sun ga rawar da idonsu. Yara ashirin da uku, minti goma sha biyu, ko ƙafa ɗaya ba ta kauce ba.

Ya kamata in yi murna. Na sayo kek a hanya don ni da Yaya, ta ci loma biyu ta ture. Ita ma ta je kallon jiya, a layin baya ta zauna saboda ƙafarta. Ta ce, "Ni fa ban ga 'yar nan taki ba, wadda kika cika mini kunne da labarinta shekara guda." Na ce ta sha shayinta kafin ya huce. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi mini tun ina yarinya in na fasa kofi na ɓoye a bayan kabad.

Zabuwa, 'yar da Yaya ke nufi, ba ta zo makaranta yau ba. Gajiya ce, duk yaran sun gaji.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ba ta zo ba. Na leƙa ajinsu sau biyu da sunan neman alli, ni da ba na rubutu a allo.

Bari in rubuta ko wace ce, ko na daina juya ta a raina. Shekararta bakwai. Ranar da ta fara shigowa zaurena bara, da wata riga mai ɗigo-ɗigo ta zo, ta rugo a guje ta yi karo da ƙofa, ta yi karo da benci, ta zo ta yi karo da ni. Na ce wannan wace zabuwa ce aka sako mana? Sunan ya bi ta, ita ma ta so shi, har a bangon littafinta take rubuta shi. Ba ta san dama da hagu ba. Matakala kuwa sai ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, ta sauke ƙafa ɗaya, ta kawo ɗayar ta same ta, sannan ta sake. Likita ya ce wa uwarta ba ciwo ba ne, jikin ne bai gama jin maganar kai ba, a sa ta a abin da za ta riƙa motsi a kan tsari. Shi ne uwar ta kawo mini ita da hannunta, ta ce, "Malama, ga amana."

Wata huɗu ina ɗaura mata jan kirtani a hannun dama. Ranar da ta ce in cire, yanzu ta sani, Baba Maiganga, tsohon da yake mana kiɗa, ya kaɗa mata ita kaɗai har dariya ta kayar da ita. Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta fara sauka matakala kamar kowa. Ta iya jiran layi ba ta ture na gabanta ba. Malamin ajinsu ya zo yana mamaki, wai rubutunta ya fara zama a kan layi, da can sai ya hau sama ya gangaro. Har ƙawa ta yi, wata 'yar surutu da muke ce wa Wushirya. Faɗuwa ce dai ba ta daina ba, a kowane juyi biyar sai ta sha ƙasa a ɗaya. Wannan kawai ya rage mata.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kujerarta babu kowa. Gwiwata na ciwo, ban san dalili ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Darasi na farko tun ranar Alhamis ɗin nan. Dokata ɗaya ce a zauren nan: wanda ya faɗi ba a tsayar masa da kiɗa, ba a ɗaga shi, ba a yi masa dariya. Ya zauna ya saurari ƙirga, in ta zagayo kan ɗaya ya miƙe ya shiga. Shekara goma sha tara ban canza ta ba. Da ita yara suke gane cewa faɗuwa ba wani abu ba ce, jira ne na ƙirga takwas.

Yau santsi ya kwashi Wushirya. Na ci gaba da ƙirga. Ɗaya ta zo ta wuce, ba ta tashi ba. Ta sake zagayowa, tana zaune tana kallona, ido ya kawo ruwa. Na je na durƙusa na ce ko ta ji ciwo ne. Ta ce, "Malama, ni ma za ki sa ni gadin takalma?"

Baba Maiganga ya ɗora tafin hannu a kan ganga, kiɗa ya tsaya. Na ce ba wanda za a sa gadin komai, ta tashi. Ta tashi, amma daga nan rawar tsoro suka yi gaba ɗayansu, kowa idonsa a kan ƙafarsa.

Da aka watse, Baba yana saka gangarsa a buhu ya ce, "'Yata, yara ba abin da aka faɗa musu suke ji ba, abin da aka yi a gabansu suke ji." Na ce Baba ni ma ba jiya na fara ba, na san aikina. Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri." Mutum sa'an ubana na ɗaga wa murya don ya faɗi gaskiya. Haka nake, in an taɓa ni inda ke ciwo sai in yi borin kunya.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ta dawo. Zabuwa ta dawo da takarda daga uwarta, malamin ajinsu ya miƙo mini. Layi biyu: a ɗauke wa yarinya darasin rawa, ta zauna a aji a lokacin. Babu gaisuwa, babu dalili.

Da aka fita tara na hango ta a saman matakala. Ta tsaya sai da kowa ya sauka. Sannan ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, ta sauke ƙafa ɗaya, ta kawo ɗayar. Matakala goma sha shida haka ta yi su. Ina ƙasa a bayan ginshiƙi, ni babbar mace, ina laɓe wa 'yar shekara bakwai. Ban fito ba sai da ta wuce.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta ritsa ni. Ina guga, tana zaune a bakin gado tana ninke kaya, ta ce, "Ranar nan kin ɗaga littattafan yarinya biyu sama, na bara da na bana, kin ce ga shaida. Kin ce da ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba, ba ta iya riƙe fensir ba, yara suna gudunta. Mutane har tafi suka yi. Da wani ya ce a nuna masa ita, kika ce yau ba ta da lafiya. Me ya same ta?"

Na ce Yaya ba za ki gane ba. Na ce da safe a gwajin ƙarshe sau biyu ta faɗi, har ta ja na kusa da ita. Na ce Shugaba ya raɗa mini cewa shugaban kwamiti dalili kawai yake nema. Na ce yara ɗari biyu da wani abu ne ke cin moriyar darasin nan, in aka soke shi har ita Zabuwar ta rasa. Na yi ta kawo dalilai, dukkansu gaskiya ne. Yaya ta bar ni har na ƙare, ta ce, "Tambayata ita ce me ya same ta."

Babu abin da ya same ta. Na kira ta bayan labule, tana sanye da rigar rawarta, na ce ina da wani babban aiki da ba wanda na yarda da shi sai ita: ta yi gadin takalman yara kada su ɓace. Daɗi ta ji, wallahi har tsalle ta yi. Ta ce, "In na gama gadin sai in shigo?" Na ce zan kira ta. Labulen nan bai fi kaurin zanen gado ba, duk abin da na faɗa a lasifika a kunnenta na faɗe shi.

Yaya ta ce, "Kin shiga da littafi kin bar mai littafi a waje. Garin neman gira kin rasa ido." Na ce ita da ba ta taɓa koyar da ko kaza ba ta fi kowa iya aikin. Ta ce gaskiya ne, amma ƙanwa ɗaya da ta raina ba haka ta raine ta ba. Ina wannan cacar baki na ƙona wuyan farar rigata.

Littattafan suna cikin jakata har yanzu. Uwarta ma ban tambaye ta ba kafin in ɗauka.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Shugaba yana so in rubuta jawabin nan a takarda, a ɗauki hoton littattafan, a aika wa wasu makarantu su yi koyi da mu. Na ce zan duba.

Malamin ajinsu ya ce Zabuwa ba ta fita wasa. Wushirya ta ja ta har ta gaji, ta koma wasa da wasu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Uwar Zabuwa a gidan burodi take aiki, bayan tashar mota. Na je. Na hango ta ta taga tana jera burodi a kanta, hula a kai, gari har gwiwar hannu. Na shiga layi, na gama shirya maganata. Da layi ya zo kaina wata ce ta saurare ni, na sayi burodi biyu na fito. Yaya ta ce wannan burodin na biyu ko na ban haƙuri ne, na manta ban bayar ba?

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ba wanda ya faɗi yau, don ba wanda ya yi juyin da zai faɗi. Na gaishe da Baba, ya amsa kamar ba abin da ya faru, wannan ya fi ba ni kunya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na koma, na jira ta a ƙofar baya har ta tashi aiki. Ta gan ni ba ta yi mamaki ba, ta ce ai ta gan ni ran Talata. Muka tsaya kusa da tulin buhunan fulawa. Na fara magana ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malama, bari in faɗa miki nawa tukuna. Ranar nan musanyen aiki na yi da wata, na shiga tun asuba don in samu zuwa. Na ɗauko kakarta, mace mai sanda, muka hau mota biyu. Muka zauna a layi na uku. Na ƙirga yara ban ga tawa ba, na ce ko daga baya za ta fito. Sai na ji kina ba da labarin wata yarinya da ba ta iya komai ba. Matar da ke gefena ta taɓo ni ta ce ba 'yarki ba ce? Ban gama haɗiye wannan ba kika ce ba ta da lafiya. Malama, kin san abin da uwa ke ji? Na tattake ƙafafun mutane na fita, na zagaya bayan labule ina cewa suma ta yi. Na same ta zaune a ƙasa da rigar da na goge mata, ta jera takalma biyu-biyu. Ta ce mini in yi shiru, za a kira ta."

Ban san abin da na ce ba. Na dai ce ta yafe mini, na ce a dawo mini da ita in gyara. Ta ce, "Kina tsammanin ni na hana ta? Ni da na ga abin da rawar nan ta yi mata? Yarinyar da sai na ba ta abinci a baki saboda zubarwa, ta zo tana zuba mini shayi ba ɗigo a ƙasa. Ita ta ce in rubuta takardar, tana tsaye a kaina na rubuta. Yanzu ko rediyo aka kunna sai ta fita daga ɗakin."

Na ciro littattafan na miƙa mata. Ta goge hannu a jikin riga kafin ta karɓa. Ta ce in ina so in zo gida ran Asabar ta sama, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na gaya wa Shugaba komai, na ce ba zan rubuta jawabin ba. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ai dabara kika yi, kowa haka zai yi. Yaro ne fa, nan da sati biyu ta manta." Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mun yi kiciɓis da Zabuwa a baranda. Ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Malama," ta raɓe jikin bango ta ba ni hanya. Da can da gudu take zuwa ta kusa kayar da ni, ina yi mata faɗa. Yau ladabi na samu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na zaunar da yaran a ƙasa na ce musu abin da na yi wa 'yar'uwarsu ba daidai ba ne, lafiyarta ƙalau ranar, ƙarya na yi don tsoro. Suka yi ta kallona. Wushirya ta ce, "Ai mun sani." Na ba Baba haƙuri a gabansu, ya ce ya wuce. Sannan ya kaɗa da sauri da gangan, har mutum huɗu suka zube, biyu suka tashi da ƙirga ta zagayo kan ɗaya. Biyu ma an samu.

Na ce wa Yaya ina jin abin zai gyaru. Ta ce Allah ya sa, amma in daina shirya jawabi, jawabi ne ya kai ni inda nake.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na dawo daga gidansu. Zan rubuta yadda aka yi, ba zan gyara ba.

Ɗaki biyu ne a hawa na biyu. Uwar ta kawo mini ruwa ta koma kicin, ta bar ƙofa a buɗe. Zabuwa tana zaune a kan tabarma tana fenti da fensir mai launi. Na zauna a ƙasa kusa da ita, gwiwar nan tana ƙara. Na ce na zo ba ta haƙuri. Na ce na yi mata alkawarin zan kira ta ban kira ba, na ce ba ta da lafiya alhali lafiyarta lau, na faɗi sirrinta a gaban mutane. Na ce ni ce na yi laifi, babu nata ko kaɗan. Tana ji tana fenti.

Can ta ɗago ta ce, "Malama, ranar nan an yi kuskure?"

Na ce ba a yi ba.

"Ko ɗaya?"

Na so in yi ƙarya, amma na riga na yi wa yarinyar nan wadda ta ishe ta. Na ce ko ɗaya.

Ta gyaɗa kai kamar wata babba ta ce, "To kin gani. Da ina ciki da na ɓata muku."

Na ce a'a, da tana ciki da ta faɗi ta tashi, mutane su ga abin da muke koyarwa na gaskiya. Na ce zauren babu daɗi ba ita, Baba yana tambayarta, Wushirya ma. Na ce ta dawo ran Laraba, ko zama ne ta yi ta kalla.

Ta ce, "Sai na iya tukuna zan zo."

Na ce a ina za ta iya in ba ta zo ba? Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da fenti. Shekara guda na yi ina koya mata cewa ba sai ka iya ake shiga ba, a minti goma sha biyu na koya mata akasin haka, kuma shi ne ya zauna. Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da na ga ta ajiye fensir. Ta matso ta dafa hannuna, tana ɗan bubbugawa yadda uwarta ke yi mata.

Ta ce, "Ki daina kuka, Malama, ba ki yi laifi ba. Ko ni ce ke, ba zan sa ni ba."